Hukuncin 1784: Yadda Hifnosis Ya Rabu da Siddabaru Ya Shiga Asibiti

A shekarar 1784, Sarki Louis na 16 na Faransa ya naɗa kwamitin masana domin su binciki wani salon magani da ya rikita birnin Paris. Cikin 'yan kwamitin akwai Benjamin Franklin, jakadan Amurka, da Antoine Lavoisier, masanin sinadarai, da likita Joseph Guillotin. Wanda ake bincikar koyarwarsa shi ne Franz Anton Mesmer, likita Bajamushe da ya yi karatu a Vienna, ya koma Paris a 1778. Mesmer yana da'awar cewa akwai wani ƙarfi marar ganuwa, mai kama da na maganaɗisu, da ke gudana a jikin kowane mai rai, kuma cuta tana zuwa ne idan ya toshe. Majinyatansa sukan zauna kewaye da wani babban baho mai sandunan ƙarfe, shi kuma yana yawo da hannu a kansu, har wasu su shiga makyarkyata, wasu su suma, da yawa kuma su tashi suna cewa sun sami sauƙi.

Kwamitin ya yi gwajinsa ne da Charles Deslon, almajirin Mesmer. A lambun gidan Franklin da ke Passy, Deslon ya yi wa wata bishiya aikinsa, sannan aka ɗaure wa wani yaro ɗan shekara 12 idanu, aka riƙa kai shi gindin wasu bishiyoyin da ba a taɓa ba. Yaron ya yi ta cewa yana jin ƙarfin yana ƙaruwa, a bishiya ta huɗu ya faɗi sumamme. Hukuncin masanan bai bar ƙofar musu ba: babu wani ƙarfin maganaɗisu, abin da ke girgiza mutane tunaninsu ne da abin da suka sa rai zai faru.

An ɗauki wannan hukunci a matsayin jana'izar sana'ar Mesmer, kuma lalle sunansa ya zube. Sai dai rahoton ya bar tambayar da ta fi ta farko nauyi. Idan sa rai kaɗai zai iya sumar da yaro mai lafiya, me zai hana a yi amfani da shi a rage wa majinyaci raɗaɗi? Tarihin hifnosis na shekaru fiye da ɗari biyu da suka biyo baya amsar wannan tambaya ce.

Wanda ya fara raba abin da siddabaru shi ne James Braid, likitan tiyata ɗan Sikotland da ke aiki a Manchester. A 1841 ya halarci wasan wani mai bin tafarkin Mesmer da niyyar tona asirinsa, amma ya lura cewa mutumin da aka yi wa aikin da gaske ya kasa buɗe idanunsa. Braid ya gwada a gida, ya gano cewa ba a bukatar baho ko sanda: ya isa mutum ya ƙura wa abu guda ido, ya tattara hankalinsa wuri ɗaya, ya saurari abin da ake faɗa masa. Littafinsa na 1843 ne ya yaɗa sunan da aka samo daga kalmar Girkanci mai nufin barci. Sunan ya ɓatar da mutane har yau, domin wanda ke cikin wannan hali a farke yake, yana ji, yana kuma iya ƙin abin da bai yarda da shi ba.

A daidai wannan lokaci, a yankin Bengal na Indiya, wani likitan Sikotland mai suna James Esdaile ya fara tiyata a 1845 yana kwantar da majinyata ta hanyar Mesmer, kuma ya ba da rahoton manyan ayyuka masu yawa da aka yi ba tare da kururuwar da aka saba ji ba. A zamanin da ake danne mutum da ƙarfi kafin a yanka shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a Oktoba 1846 aka nuna aikin sinadarin ether a Boston, shekara guda bayan haka kuma kulorofom ya bayyana a Edinburgh. Sinadari yana aiki a kan kowa cikin mintuna, hifnosis kuwa yana cin lokaci kuma ba kowa yake kamawa ba. Ɗakin tiyata ya zaɓi kwalba.

Daga nan batun ya koma hannun likitocin ƙwaƙwalwa na Faransa, inda aka yi jayayya mai zafi. Jean-Martin Charcot na asibitin Salpêtrière a Paris yana ganin hifnosis alama ce ta cutar jijiyoyi. Hippolyte Bernheim da Ambroise Liébeault na birnin Nancy suka ce halin ɗan Adam ne na yau da kullum, wanda ke tafiya a kan karɓar shawara. Nancy ce ta yi rinjaye. Sigmund Freud ya zauna wurin Charcot a 1885, ya ziyarci Nancy a 1889, daga baya ya ajiye hifnosis ya kama hanyar barin majinyaci ya yi ta magana.

Ƙarni na 20 ya kawo awo. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfani da shi a 1955, ta Amurka a 1958. A 1959 André Weitzenhoffer da Ernest Hilgard na Jami'ar Stanford suka fitar da ma'aunin da ya nuna cewa mutane sun bambanta: kaɗan suna karɓa sosai, kaɗan ba sa karɓa, galibi suna tsakiya. A 1984 Peter Whorwell ya wallafa gwaji a mujallar Lancet da ya nuna amfaninsa ga masu wata lalurar hanji mai haddasa murɗa da kumburin ciki, kuma a 2008 hukumar NICE ta Birtaniya ta sa shi cikin abin da za a iya gwadawa idan magunguna sun gaza. A Liège ta Beljiyam, tun farkon shekarun 1990 ake wasu tiyatoci da hifnosis haɗe da allurar kashe zafin wuri da ɗan maganin kwantar da hankali.

Wannan ƙarni dai shi ya nuna inda haɗarin yake. 'Yan sanda da wasu masu jinyar ƙwaƙwalwa a Amurka sun ɗauka hifnosis mabuɗi ne na abin da aka manta. Abin da ya bayyana shi ne, mutumin da ke cikin halin karɓar shawara yakan gauraya abin da ya gani da abin da aka raɗa masa, ya kuma fito da yaƙinin da bai da shi a da. A 1982 kotun ƙolin jihar California ta hana karɓar irin wannan shaida, a 1985 kuma kwamitin kimiyya na ƙungiyar likitocin Amurka ya ce tunawar da aka farfaɗo ta wannan hanya ba abin dogaro ba ce. Kafin darasin ya zauna, iyalai da dama sun tarwatse a kan zarge-zargen da aka gina bisa tunawar ƙarya.

Ƙarfin da ke rage raɗaɗi da wanda ke shuka tunawar ƙarya abu guda ne, wato yadda hankali ke karɓar magana daga wanda ya amince da shi. Saboda haka gurbin hifnosis a asibitin yau ƙunci gare shi: yana taimakawa wajen zafi, fargaba da wasu lalurorin hanji, a matsayin ƙari kan magani, a hannun likita ko masanin halayya da ke da lasisin jinyar wannan cuta ko da babu hifnosis. Ba ya narkar da ƙari, ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya tono gaskiya. Duk wanda ya yi alkawarin ɗaya daga cikin ukun nan, ko da kuwa sanye yake da farar rigar likita, hajar Mesmer yake sayarwa.