Kayan Lambu, Kayan Miya, Ganye: Ina Rama Ta Faɗa?

Ranar da na raka gwaggona asibiti saboda hawan jini, bayan an auna ta an rubuta mata magani, ma'aikaciyar jinya ta ɗago kai ta ce, "Mama, a rage gishiri da magi, a riƙa cin kayan lambu da yawa." Gwaggo ta ce to. Sai da muka shiga a-daidaita-sahu sannan ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ni ina na ga kuɗin kabeji da karas kullum? Wannan ai sai gidan biki." Matar nan fa bishiyar zogale biyu gare ta a bayan ɗaki, da damina kuwa rama da yakuwa har fin ƙarfin tukunyarta suke yi, sai ta shanya. Ko ɗaya bai faɗo mata a rai ba, domin ba a kira sunansu ba.

Kuma gwaggo ba ta yi kuskuren fahimta ba. Lambu a bakin Bahaushe fili ne na fadama ko bakin rafi da ake nomawa da rani, a yi masa ban ruwa, da can da jigo, yanzu da inji. Mutanen Sakkwato da na Nijar sukan ce garka. Idan aka ce kayan lambu, to an kira abu da sunan mahaifarsa ke nan: abin da ya fito daga irin filayen Kadawa da Kura da Bunkure, waɗanda ruwan madatsar Tiga yake shayarwa, ko daga tsaunukan Jos, aka jibge shi a kasuwar 'Yankaba. Zogale kuwa a jikin danga yake. Tafasa a bakin hanya take fitowa ba wanda ya shuka ta. Rama a gefen gonar gero ake yafa ta, kuka kuma tana daji tun kafin a haifi kakanninmu. A cikinsu babu wanda ya dogara da lambu, saboda haka sunan bai rufe su ba.

Muna da suna na biyu, kayan miya, wanda yake kiran abu da aikinsa. Da jin sa za a ɗauka ya fi faɗi, amma a kasuwa ya tsuke ƙwarai. Aiki yaro ya sayo kayan miya, ka ga abin da zai dawo da shi: tumatir, tattasai, attarugu, albasa. Ba zai kawo alayyafo ba sai an faɗa masa daban. Abin dariyar shi ne, waɗannan huɗun da suka mamaye sunan dukkansu baƙi ne, kuma sunayen uku daga ciki suna tona asirinsu. Albasa daga Larabci take, al-basal. Attarugu ya biyo ta bakin Yarbawa, masu cewa ata rodo. Tumatir kuwa idan aka bi sawunsa ta harsunan Turai, sai an dangana da tomatl na mutanen Aztek a ƙasar Meziko. Shi da duk dangin barkono ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Miyar kakannin kakanninmu ba ja ba ce. Amma yau jar miya ta kafa sarauta, har a 2016 da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, gidaje suka shiga zullumi kamar an ce miya ta ƙare a duniya, alhali ga kuka ga kuɓewa a kan faifan masu ƙoli.

Suna na uku shi ne ganye, kuma shi ya fi kusa da abincin gwaggo. Sai dai yana ɗauke da kaya a kansa. Ganye abincin akuya ne, ka miƙa wa magidanci kwanon latas ka ji ko ba zai ce "Ni akuya ne?" ba. Ganye na mai magani ne. A bakin samarin unguwa ma yana da wata ma'anar da 'yan sanda suka fi ni sani. Ban da haka, kabewa da kuɓewa da gauta ba ganye ba ne, sun zube waje. Masu fassara a rediyo suna ta ƙoƙari da "ganyayyaki" da "kayan lambu da na marmari" duk lokacin da za su isar da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa mutum ya ci aƙalla giram 400 na waɗannan abubuwa a rana. To shi ma marmari ai abin da ake ci jefi-jefi ne don sha'awa. Kalmar da kanta tana gaya wa mai sauraro cewa ba abincin kullum ba ne.

Su kayan lambun da gwaggo ta tsorata da kuɗinsu, sunayensu ma sun nuna wanda ya kawo su. A Kano kabeji ne da karas da latas, daga bakin Ingilishi. Ka tsallaka Maraɗi, su ɗin ne dai, amma sun koma shu da karoti da salati, daga bakin Faransa. Harshe ɗaya, iyaka ta raba masa kwandon cefane. Akwai kuma dankalin Turawa, wanda zuwansa ya sa aka laƙaba wa na da sunan dankalin Hausa, ko da yake shi ma asalinsa daga nahiyar Amurka yake. Baƙon da ya daɗe shi ne ɗan gari.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a zogale. Yau wa zai yarda a ce masa zogale ba ɗan ƙasa ba ne? Amma asalinsa arewacin Indiya ne, kuma tsofaffin sunayensa ba su ɓoye baƙuncinsa ba. J. M. Dalziel, likitan da ya wallafa kundin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da waɗanda suka biyo bayansa, sun tattara masa sunaye da dama. Akwai zogalagandi, cikakken sunan da muka gutsure. Akwai bagaruwar Makka, domin ganyensa ƙanana ne kamar na bagaruwa, kuma duk abin da ya ɓullo daga gabas Bahaushe yakan jingina shi da Makka ko Masar, kamar yadda masara ta samo nata sunan. A Nijar har yanzu ana jin tamaka. Akwai rimin nasara. Wanda ya fi burge ni shi ne samarin danga: ka yanki reshe ka kafa a jikin shinge, kafin ka ankara ya miƙe zaƙaƙai kamar saurayi, ba ƙiba sai tsawo. Duk wanda ya raɗa wannan suna ya zauna ya kalli bishiyar da kyau. Yanzu kuma da aka fara ɗura garinsa a roba ana sayarwa a kantin magani da sunan moringa, sai ga waɗanda suke yi wa kwaɗonsa kallon abincin ƙauye suna saye da tsada.

Yawan suna alamar sabo ne. Dubi yakuwa. Tsiro ɗaya ne, amma ganyensa yakuwa, ko sure a yammacin ƙasar Hausa, ƙoƙon furensa zoɓo ko zoɓorodo, ƙwayarsa gurguzu, idan aka dafa gurguzun aka rufe shi ya ruɓa, ya zama daddawar batso. Mutane da yawa a birni suna shan zoɓo kullum ba su san ɗan yakuwa suke sha ba. Albasa ma da ta zauna ta samu nata: ɗanyen ganyenta lawashi, idan an daka an shanya ya zama gabu. Kuɓewa a wasu garuruwan guro ce. Lalo a Nijar yakan amsa sunan malohiya, wanda ya fito daga mulukhiyyar Larabawan Masar da Sudan, a zangon Kumasi da Tamale kuma ayoyo ne, shi ake ci da tuwon zafi, wanda duk Ghana ta karɓa da sunansa na Hausa. Kabeji fa? Kabeji ne kawai, daga ganye har gindi.

Inda Hausa ta fi wadata shi ne wajen faɗin abin da ke damun kowane ganye da yadda ake lallashinsa. Rama da yakuwa tsami gare su, wasu su ce yami. Shuwaka da ɗata ɗaci. Zogalen da bai dahu ba bauri. Ɗanyen wake gafi. Wanda ba shi da komai a ce lami, ko salam. Kowanne kuma da maganinsa a madafi, mafi girmansu shi ne kwaɗo.

A rubuce kwaɗon ci da kwaɗon rafi ɗaya suke, a baki ne suke rabuwa: na rafi ana jan wasalinsa na farko, na ci ba a ja. Sakkwatawa da Zamfarawa sun huta da wannan ruɗani, su ɗatu suke cewa. A Yamai kuma an fi jin kopto, kalmar Zabarmanci mai nufin ganye. Na sha zama kusa da gwaggo tana yin na rama. Takan tsinke ganyen ta zuba a tafasasshen ruwa, idan ya yi laushi ta tsame, ta ɗauraye da ruwan sanyi, ta dunƙula a tafin hannu ta matse har sai ruwan tsamin ya daina ɗiga ta tsakanin yatsunta. Sannan ta daka ƙuli-ƙuli da barkono, ba ta bari ya yi laushi sosai don haƙori ya sami abin taunawa. Ta yanka albasa sirara, ta yaryaɗa man gyaɗan da aka soya da albasa, ta cuɗa da hannu, ta ɗanɗana, ta ƙara abin da ya gaza. Abin da ƙuli yake kawowa yana da sunansa, garɗi, kuma shi ne yake danne tsami da bauri. Masana abinci sun tabbatar da cewa sinadarin da jiki yake juyawa zuwa bitamin A ya fi shiga jiki idan ganye ya haɗu da mai. Gwaggo ba ta san da wannan ba. Ta dai san kwaɗo ba mai a maƙoshi yake tsayawa.

Dambu da fate da miyar taushe duk dabarar ɗaya ce ta wata fuskar: a nemo wa ganye abokin tafiya, tsaki ko gyaɗa ko kabewa. Zazzagawa ba su yi suna da fate a banza ba, tukunya ɗaya takan ɗauki yakuwa da alayyafo da gauta da lawashi.

Sai yauƙi, wanda baƙo yake gudu mu kuma muke nema. Kuka, kuɓewa, lalo, karkashi. Masana tsirrai sun sa ukun farko a dangi ɗaya da rama da yakuwa da auduga. Karkashi ne bare, shi ɗan'uwan riɗi ne. Ana jefa kanwa don yauƙin ya tashi, ko don ta kashe tsamin yakuwa, sai dai idan ta yi yawa takan tafi da bitamin C tare da tsamin. A ganina ma mun cika yaƙar tsami. Mai hawan jinin da aka hana gishiri, ɗan tsamin yakuwa shi ne zai sa miyarsa ta ciwu.

A nan ne nake da ƙorafi a kan madafanmu na yanzu. Da can kowace miya da abin da ake ɗaure ta da shi: kuka da daddawar kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, wata da batso, wata da gabu, wata da busasshen kifi. Yanzu duk an miƙa wuya ga dunƙule, wanda muke kira magi ko na wane kamfani ne, daga sunan Julius Maggi, mutumin Suwizalan. Ba na ƙin sa. Amma idan aka marmasa guda huɗu a alayyafo, huɗu a zogale, huɗu a kabeji, harshe abu ɗaya zai ji, yaro kuma ya taso bai san bambancin lansir da latas ba. Lansir ɗin ma, mai ɗan yajin nan da yake hawa hanci, yara nawa ne a birni za su gane shi a faifai?

Bayan wata ɗaya muka koma asibiti. A tsakanin nan na gaya wa gwaggo cewa zogalenta da ramarta suna cikin lissafi, ta ce to, amma da ganin fuskarta ta ɗauka lallashinta nake yi. Duk da haka kusan kullum sai ta kwaɗa, ta rage gishiri, ta koma wa daddawa. Ma'aikaciyar jinya ta naɗa mata abin awo a dantse, ta ce, "Mama, ana dai cin kayan lambun ko?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai kamar mai laifi. "Wallahi 'yar nan ban samu ba. Sai dai ɗan kwaɗo da fate."