Tafiyar Hunturun 1824 da Ta Haifi Masarautar Lesoto

Idan watan Yuni ya kama, mu a nan damina ce ta kankama, amma a Lesoto hunturu ne ke shigowa. Dusar ƙanƙara takan lulluɓe tsaunukan Maloti, ƙoramu su daskare cikin dare, baƙi masu sha'awar hawan dutse kuma su goya jakunkunansu su bi turbar makiyaya zuwa Thabana Ntlenyana, ƙololuwar da ta kai mita 3,482. Ƙasa ce da Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko ta ina, wadda wuri mafi kwari a cikinta yake kan kimanin mita 1,400 daga matakin teku. Tambayar da ta dace a yi ita ce: me ya kai al'ummar noma da kiwo zama inda sanyi ke kashe dabba?

Amsar ta faro ne daga wata tafiyar ƙasa cikin hunturun 1824. Zamanin da Basoto ke kira Lifaqane ne, lokacin da yaƙe-yaƙe da yunwa suka tarwatsa ƙabilun yankin. Moshweshwe, ɗan wani ƙaramin basarake, yana zaune a dutsen Butha-Buthe, sai Batlokoa suka yi masa ƙawanya. Da ya ga zama ba zai yiwu ba, ya kwashi mata da yara da tsofaffi da ragowar shanu ya nufi kudu. A hanya kakansa Peete ya gaza, aka bar shi baya, ya faɗa hannun mutanen Rakotsoane, waɗanda yunwa ta jefa cikin cin naman mutum.

Ayarin ya isa wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai da dare, aka raɗa masa suna Thaba Bosiu, wato Dutsen Dare. Ba tsawo ne ya ba shi daraja ba, domin da mita 100 da 'yan kai ya ɗara kwarin da ke gindinsa. Amfaninsa shi ne akwai idanun ruwa da makiyaya a bisansa, mashigansa kuma kaɗan ne, ƙunƙuntattu, waɗanda mutane ƙalilan za su iya tsarewa da duwatsu.

Dutse kaɗai ba ya gina ƙasa. Lokacin da masu cin naman mutum suka zo hannunsa, Moshweshwe ya ƙi kashe su, yana mai cewa su ne kabarin kakansa, ya ba su shanu da gonaki. Ta hanyar al'adar mafisa, wato ba talaka aron shanu ya sha nono ya zama mabiyi, ya mai da 'yan gudun hijira al'umma guda. Ndebelen Mzilikazi sun kawo hari a 1831 suka koma ba nasara. A watan Agustan 1865, cikin wani hunturun, kwamandan Turawan Boer, Louw Wepener, ya mutu a mashigin Khubelu yana ƙoƙarin hawa.

Sai dai dutsen ya ceci sarauta, bai ceci gona ba. Da yaƙi ya yi tsanani, Moshweshwe ya nemi kariyar Birtaniya, ya samu a watan Maris na 1868. Yarjejeniyar Aliwal North ta 1869 ta bar wa Turawan Boer ƙasa mai albarka da ke yammacin kogin Mohokare. Da filin noma ya ƙuntata, jama'a suka riƙa haurawa cikin Maloti, inda a da mafarautan San ke zaune. Turbobin da baƙi ke bi a yau don nishaɗi, ƙuncin ƙasa ne ya shata su, ƙaramin dokin Basoto mai juriya kuma ya tattake su. Bargon ulun da ya zama alamar al'ummar ma ya samu gindin zama ne a wannan ƙarni, ya maye gurbin mayafin fata, musamman bayan annobar shanu ta ƙarshen ƙarni na 19.

Moshweshwe ya rasu ranar 11 ga Maris, 1870, ba a taɓa cin dutsensa da yaƙi ba yana raye. Ƙasar ta sami 'yanci ranar 4 ga Oktoba, 1966, Sarki Letsie na Uku da ke kan karaga yau kuma daga zuriyarsa ya fito. Tun 2007 ake yin tattakin tunawa da shi, kimanin kilomita 116 cikin kwana uku, daga mahaifarsa Menkhoaneng zuwa Thaba Bosiu. A watan Maris ake yin sa, kafin sanyi ya sauko. Waɗanda suka fara bin hanyar ba su sami zaɓin wata ba, da tsakiyar hunturu suka tashi, da goyo da shanu da abokan gaba a bayansu.