Zaɓen Sanda da Bindigar Feshi don Tsabtace Rufin Gida da Magani: Nazari a Kan Azare da Katagum

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ya kamata a zaɓi sanda da baki da bindigar feshi idan za a tsabtace rufin gida ko a yi masa magani a ƙasar Katagum. Ta dogara da ƙa'idojin feshi na Hukumar Lafiya ta Duniya, da ma'aunin ISO 10625, da sanannun bayanai kan yadda sinadarai ke cin ƙarfe da roba, sannan ta auna su da irin rufi da yanayin Azare da Katagum. Ta gano cewa wankin rufi da bilic, wanda ya yaɗu a Amurka, yana ɓata kwano, kuma aikin rufi a wannan yanki kashi uku ne: ƙura, gara da ƙazantar silin. Kowane kashi yana da sandar da ta dace da shi.

Muhimman kalmomi: feshi, sanda, baki, matsi, kwano, gara, Katagum.

1.0 Gabatarwa

Injin feshi na goyo ya zama kayan gida a ƙasar Katagum. Manomin shinkafa a fadamar Kogin Jama'are yana da shi, mai wake da riɗi a karkarar Azare yana da shi, matasan da ke feshi don a biya su ma haka. Da gara ta kama katakon rufi, ko warin kashin jemage ya dami masu ɗaki, wannan inji ake ɗaukowa, da sandar da aka yi feshin ciyawa da ita jiya, a hau tsani. Idan kuma maigida yana da hali, sai ya kira masu wankin mota da injinsu mai ƙarfi.

A duka hanyoyin biyu, kayan da ke kusa ne ke zaɓar wa mutum yadda zai yi aiki. Maƙalar tana ganin daidai shi ne a fara duba irin rufin, a duba maganin da za a zuba, sannan a nemo sanda. Kuskure a nan yana jawo yoyon kwano, asarar magani, da guba a jikin mai feshi da iyalin gida.

2.0 Hanyar Bincike

Nazarin na bitar rubuce-rubuce ne da lissafi. An ɗauki alƙaluman feshin cikin gida daga ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, domin su ne mafi tsari a kan feshin bango da silin. An ɗauki launuka da yawan zubar baki daga ISO 10625. Lissafin bushewar ɗigo kuwa daga ƙa'idar Amsden ta 1962 yake, wadda G. A. Matthews ya yi amfani da ita a littafinsa kan dabarun feshi na 1979.

Arewa ba baƙuwar feshi mai tsari ba ce. A aikin binciken maleriya na Garki, cikin Jihar Jigawa ta yau, wanda aka gudanar daga 1969 zuwa 1976, an fesa propoxur a cikin ɗakunan ƙauyuka. Bauchi kuma tana cikin jihohi bakwai da shirin Bankin Duniya na yaƙi da maleriya ya shafa, tare da Kano, Jigawa da Gombe.

3.0 Rufi da Yanayin Ƙasar Katagum

Azare, wadda fadar Sarkin Katagum ta koma a 1916, tana da rufi iri-iri a unguwa ɗaya. Akwai soron ƙasa mai azarar giginya da indararo, akwai kwano mai rufin tutiya a kan katako, akwai alminiyam mai tsawo a sababbin gidaje da makarantu, akwai dakin na siminti. Yanzu kuma faifan sola ya hau saman da yawa daga cikinsu. Garin Katagum, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki, yana bakin fadama, saboda haka laima ta fi kama gininsa, balle a shekarun ambaliya irin 2022.

Damina a nan gajera ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba. Sauran shekara rani ne: hunturu mai ƙura, sai bazara da zafinta kan haura digiri 40.

Wannan ya bambanta ƙwarai da kudu maso gabashin Amurka, inda sana'ar wanke rufi da magani ta bunƙasa. Can rufin na kwalta ne, iska kuma mai laima, sai wata ƙwayar halitta mai suna Gloeocapsa magma ta zana baƙin zane a kai. Ƙungiyar masu ƙera rufin kwalta ta ƙasar, ARMA, ta ba da shawarar a haɗa bilic da ruwa rabi da rabi, a fesa a hankali, a guji inji mai ƙarfi. Shawarar ta dace da rufinsu. A kan kwanon Azare kuwa, wanda rana ke gasawa wata takwas, gansakuka ba ta samun wurin zama. Abin da ake gani a kai ƙura ce da tsatsa, bilic kuma ba ya maganin ko ɗaya. Hasali ma yana cin tutiyar da ke kare kwano, yana kuma fasa fatar alminiyam, ya bar ƙananan ramuka.

4.0 Abin da Aka Ƙera Sanda da Shi

Tagulla ita ce sandar da masu feshi suka fi yarda da ita, domin tana da nauyi a hannu kuma ba ta saurin karyewa. Tana jure yawancin magungunan ƙwari. Da bilic kuwa ba sa jituwa: cikin sandar zai yi kore, kunamar bindiga ta cije, baki ya buɗe. Ko ƙarfen da ba ya tsatsa, musamman samfurin 304, bilic na huda shi idan ya kwana a ciki. Bilic na gida irin Hypo da Jik ƙarfinsa kusan kashi 3.5 cikin ɗari ne, na masana'anta kuma yana kai kashi 10 zuwa 12.5, ɓarnarsa ga ƙarfe tana ƙaruwa daidai da ƙarfinsa. Aikin bilic yana buƙatar sanda da bindiga na roba mai tauri, irin polifirofilin ko PVC.

Zoben robar da ke hana yoyo a cikin kunama shi ne ɓangaren da aka fi mantawa. Maganin ƙwari na ruwa, wanda ke komawa fari kamar madara idan an zuba shi a ruwa, yana ɗauke da man narkarwa da ke kumbura roba ta gama-gari. Zoben Viton yana jure wannan mai, yana kuma jure bilic. Kunama mai ɗiga ba ƙaramar matsala ba ce ga wanda ya ɗaga hannu sama yana feshi, domin maganin zai bi tsintsiyar hannu ya gangara har hammata, fata kuma tana shan guba.

Bakin ma yana da daraja-daraja. Na tagulla ya fi saurin cinyewa, na ƙarfe da na roba mai inganci sun fi shi daɗewa, na tangaran ya fi su duka. Ruwan rijiya mai yashi yana hanzarta cinyewar, don haka rariyar tanki da ta cikin kunama wajibi ne. Baki da ya toshe ana wanke shi da ruwa da buroshi mai laushi. Ba a sa masa allura ko waya, ba a kuma hura shi da baki.

5.0 Baki, Matsi da Girman Ɗigo

Launin baki alama ce ta yawan abin da yake zubarwa. Bisa ISO 10625, a matsin bar 3, baki ruwan ɗorawa mai lamba 02 yana fitar da kusan lita 0.8 a minti, shuɗi mai lamba 03 lita 1.2, ja mai lamba 04 lita 1.6. Mai son ƙarin ruwa ya canza baki, kada ya ƙara bugun famfo. Sai an ninka matsi sau huɗu kafin zubar ta ninka sau biyu, kuma kafin a kai nan ɗigon ya zama hazo.

Hazo shi ne babban maƙiyin mai feshi a wannan yanayi. Lissafin Amsden ya nuna cewa ɗigo mai faɗin maikuron 100 yana bushewa cikin daƙiƙa 16 a zafin digiri 30 da laimar kashi 50, mai maikuron 50 kuma cikin daƙiƙa 4. A busasshiyar iskar bazara, idan tazarar da ke tsakanin busasshen ma'aunin zafi da jiƙaƙƙe ta kai digiri 16, ɗigon maikuron 100 bai cika daƙiƙa 8 ba. Ruwan ya tafi, gubar ta rage tana yawo a iska. A saman rufi iska ta fi kaɗawa, gidaje kuma a manne suke, sai maganin ya sauka a tsakar gidan maƙwabci, kan shanya, randar ruwa da garken awaki. Manyan ɗigo, matsi kaɗan da aikin sassafe su ne kariya.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da misali mai kyau na tsari. Ana amfani da baki mai shimfiɗa ruwa, lamba 8002E, a riƙe shi santimita 45 daga bango, ya ba da faɗin santimita 75, kowane zubi ya hau na baya da santimita 5. Idan aka ɗaura jan bawul mai tsayar da matsi a bar 1.5, bakin yana fitar da mililita 550 a minti, wato mililita 30 a kowace murabba'in mita. Da wannan lissafi, silin ɗaki mai mita 4 a 4 bai cinye rabin lita ba. Duk wanda ya ƙarar da tankin lita 16 a ɗaki biyu ya zubar da kuɗi, ya kuma jiƙa gida da guba.

Gwajin baki ba shi da wuya. A fesa ruwa zalla cikin kofin awo na minti ɗaya. Idan abin da ya fito ya haura na sabon baki da kashi 10 cikin ɗari, bakin ya gama aiki.

6.0 Tsawon Sanda da Bindiga

Sandar da ke zuwa da injin goyo irin CP15, Jacto ko Matabi gajera ce, an yi ta don mai kallon ƙasa. Wanda ya ɗaga ta sama yana tsaye a ƙarƙashin ruwan da yake fesawa. Sanda mai zugewa ta mita 2 zuwa 3, mai lanƙwasa a kai, tana ba shi damar tsayawa gefe. Ta zaren gilashi ta fi sauƙin ɗauka, ta kuma fi aminci kusa da wayar lantarki.

Tankin lita 16 a cike yana kusan kilo 20. Hawa kwanon da gara ta ci katakonsa da wannan kaya a baya ganganci ne. Gwamma a bar tankin a ƙasa, a sa ƙaramin famfo mai batir na bolt 12 da dogon tiyo. Sai dai a lura, kowace mita 10 ta hawa tana cin bar 1, don haka rufi mai mita 4 ya riga ya rage bar 0.4, ban da abin da tiyo ke ci.

Bindigar wankin mota tana aiki a bar 100 zuwa sama. Tana tura ruwa ƙarƙashin haɗin kwano, ta kware fenti, ta sassauta ƙusa. A kan soron ƙasa za ta wanke yaɓe. A kan tsohon silin na asbestos kuwa za ta saki zare mai jawo cutar daji, don haka ba a kusantar shi da ita sam.

7.0 Sakamakon Bincike

Kowane allazi da nasa amanu. Nazarin ya fitar da ayyuka uku.

Na farko, ƙurar saman kwano da faifan sola. Ruwa zalla ya isa, da baki mai faɗi da buroshi mai dogon hannu, da safe kafin gilashi ya yi zafi. Gidaje da yawa suna tarar ruwan sama daga kwano a duro da randa, duk abin da aka fesa a sama zai ƙare a ciki. Tsatsa kuma maganinta kankarewa da fenti.

Na biyu, gara a katako. Nan ake buƙatar sanda mai tsawo ta tagulla ko ƙarfe, zoben Viton, bar 1.5 zuwa 2, da baki mai manyan ɗigo don jiƙa katako, ko mai tsirarar ruwa don shiga tsaga. Yawan magani sai bisa takardar da ke jikin kwalba. Maganin katako irin Solignum ya fi kama katako da buroshi tun kafin kafinta ya ɗora kwano. Gara daga ƙasa take hawowa ta jikin bango, saboda haka feshin sama kaɗai ba ya yanke ta sai an bi hanyarta zuwa tushe. Maganin ƙwari na dichlorvos, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni a 2019, tururi yake yi, kuma haɗarinsa a cikin rufaffen silin babba ne.

Na uku, kashin jemage da fumfuna. Busasshen kashin jemage yana iya ɗauke da ƙwayar Histoplasma mai kama huhu. Ana fara jiƙa shi da ruwa a hankali don kada ya tashi, a kwashe, sannan a sa bilic mai rauni da sandar roba a kan siminti kaɗai. Bilic a kan tulin kashi ko fitsari yana ta da iska mai shaƙe numfashi, haka ma idan ya haɗu da asid. Takunkumi mai tace ƙura, tabarau da safar hannu dole ne.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa irin rufi da irin magani su ne ke tantance sanda, baki da bindiga. Tana ba da shawarar a ware injin gona daga na gida, domin ragowar maganin ciyawa irin paraquat bai kamata ya shiga ɗakin kwana ba. Masu sayar da kayan feshi a kasuwar Azare su riƙa ajiye baki masu launi, bawul na bar 1.5, zoben Viton da sanda mai zugewa. Sassan kiwon lafiyar muhalli na Ƙananan Hukumomin Katagum da Zaki su koya wa matasa masu feshi gwajin kofin awo. Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare da Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau kuma suna da damar auna irin magungunan da ake fesawa a rufi, da abin da ke sauka daga gare su cikin ruwan saman da gidaje ke tara.