Ya'aƙubiyya, Nasɗuriyya da Malkaniyya: Asalin Rarrabuwar Nasara Kafin Zuwan Musulunci

Gabatarwa

Mai halartar tafsirin watan Azumi a masallatan Daura ko Sandamu, inda ake jan Jalalaini kamar sauran ƙasar Hausa, zai ji an ambaci Ya'aƙubiyya idan aka zo aya ta 17 ta Suratul Ma'ida, a ce wata ƙungiya ce ta Nasara. Galibi daga nan ake wucewa. Shaharastani a Al-Milal wan-Nihal da Ibnu Hazmi a Al-Fisal sun ƙara biyu, Nasɗuriyya da Malkaniyya. Wannan maƙala tana bin sawun waɗannan sunaye uku, domin aƙidar Nasara game da Annabi Isa (AS) ta ɗauki fiye da shekara 400 ana jayayya kafin ta zauna a siffar da aka san ta.

Ƙarnukan farko

Mabiyan Annabi Isa na farko Yahudawa ne. Daga cikinsu aka sami Ibiyonawa, waɗanda suka ɗauke shi mutum, suka riƙe shari'ar Attaura, suka ƙi koyarwar Bulus. Amma da addinin ya bazu cikin masu jin Girkanci da Latin, sai tambaya ta taso: yaya za a haɗa imani da Ubangiji ɗaya da bautar da ake yi wa Almasihu? Amsoshi da dama daga Afirka suka fito. Tartuliyan, mutumin Kartaj a Tunisiya ta yau, shi ne ya shigar da kalmar Triniti cikin Latin a farkon ƙarni na 3, ita ce malaman Musulunci ke kira taslisi.

Majalisar Nikiya, 325

Wajen shekarar 318 wani limamin coci a Iskandariyya mai suna Ariyus, wanda asalinsa ɗan Libiya ne, ya koyar da cewa Ɗa halitta ne mai mafari, Uba kaɗai ne marar farko. Rigima ta ƙazanta har Sarkin Rum Kusɗanɗin ya tara bishop-bishop kusan 300 a Nikiya, cikin Turkiyya ta yau. Majalisar ta yanke cewa Ɗa da Uba zatinsu ɗaya ne. Bishop biyu 'yan Libiya suka ƙi sa hannu, aka kore su tare da Ariyus.

Hukuncin bai kashe wutar ba. Kusɗanɗin kansa, da ajali ya matso a 337, wani bishop mai goyon bayan Ariyus ne ya yi masa baftisma. Atanasiyus na Iskandariyya, babban mai kare matsayar Nikiya, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa. Sai a 380 Sarki Tiyodosiyus ya mai da ita dokar daula, a 381 kuma Majalisar Kusɗanɗiniyya ta tabbatar da allahntakar Ruhu Mai Tsarki. Daga nan taslisi ya cika.

Inda sunaye ukun suka samo asali

Sabuwar tambaya ta biyo baya: idan Almasihu Allah ne kuma mutum, yaya lahutu da nasutu suka haɗu a cikinsa? Nasɗuriyus, wanda ya zama babban bishop na Kusɗanɗiniyya a 428, ya ƙi a kira Nana Maryamu "mahaifiyar Allah", yana ganin abin da ta haifa shi ne mutuntakar. Kirilus na Iskandariyya ya yi masa ca, Majalisar Afisa ta tsige shi a 431. Cocin da ke ƙasar Farisa ya tsaya kan koyarwa mai kama da tasa, aka laƙaba masa Nasɗuriyya, masu wa'azinsa har suka kai Sin a 635.

A 451 Majalisar Kalsidon ta ce Almasihu mutum ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ba su cakuɗe ba, ba su rabu ba. Mafi yawan Kiristocin Masar da ɗimbin na Sham suka ƙi, suka dage cewa bayan haɗuwar ɗabi'a ɗaya ce. Yakubu Barada'i, wanda ya rasu a 578, ya yi ta yawo a ɓoye yana naɗa musu limamai, daga sunansa aka sami Ya'aƙubiyya. Waɗanda suka bi Kalsidon kuwa aka kira su Malkaniyya, wato mutanen sarki, domin sun tsaya kan aƙidar fadar Rum.

Haka Musulunci ya tarar da su kewaye da Jazirar Larabawa. Hiraƙla, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa, shugaban Malkaniyya ne. Larabawan Gassan Ya'aƙubiyya ne, Nasɗuriyya kuma ta yi ƙarfi a Hira. Habasha, inda Sahabbai suka yi hijira a 615 kuma Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta Suratu Maryam gaban Najjashi, tana karɓar bishop daga Iskandariyya, saboda haka tana ɓangaren da ya ƙi Kalsidon.

Kura-kurai uku da ya kamata a guje wa

Na farko, cewa Ariyus mai tauhidi ne irin na Musulunci. Gaskiya ne ya ƙi daidaita Almasihu da Allah, amma ya ci gaba da kiransa Ɗa, yana cewa an samar da shi kafin duniya kuma ta hannunsa aka halicci komai. Wannan ya yi nisa da bawan Allah kuma Manzo da Alƙur'ani ya siffanta.

Na biyu, cewa a Nikiya aka zaɓi Linjila huɗu aka ƙona sauran. Majalisar ba ta tattauna jerin littattafai ba. Iriniyus ya riga ya ambaci huɗun wajen 180, jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari kuma ya bayyana a wasiƙar Atanasiyus ta 367.

Na uku, jingina wa kowane Kirista maganar Ya'aƙubiyya. Katolika da Angalika da galibin majami'un Nijeriya magada Kalsidon ne, wato a lissafin Shaharastani sun fi kusa da Malkaniyya.

Kammalawa

Malaman Nasara suna cewa majalisun nan ba su ƙirƙiri aƙida ba, sun fayyace abin da ke cikin littattafansu ne. Musulmi kuwa yana ganin tauhidin da Annabi Isa ya zo da shi ne aka yi wa ƙari. Kowane ɓangare aka tsaya, shekarun da sunayen ba su canzawa. Aya ta 46 ta Suratul Ankabut ta yi umarni da kyautata jayayya da Ma'abota Littafi, kuma farkon kyautatawa shi ne kada a ɗora wa mutum abin da bai faɗa ba. Allah ne mafi sani.