'Yan Bahamas da 'Yan Jodan a Amurka: Tarihin Ƙaura Biyu

'Yan Bahamas da 'yan Jodan ƙananan al'ummomi ne cikin ɗimbin baƙin da suka yi kaka-gida a Amurka. A ƙidayar shekarar 2000, masu cewa asalinsu Jodan ne sun kusan 40,000, na Bahamas kuwa 30,000 da ɗoriya. Zuwa ƙidayar 2020 'yan Jodan sun haura 100,000, sun yi wa 'yan Bahamas nisa. Sai dai tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta adadi. Abubuwa uku ne suka tsara rayuwar kowace al'umma: lokacin da ta iso, ƙofar da ta shigo ta, da kuma launin da hukuma ta rubuta mata a takarda.

Waɗanda suka riga garin zuwa

Tsibirin Bimini na Bahamas bai wuce kilomita 80 daga gaɓar Fulorida ba. Tun ƙarni na 19 masunta da masu tsamo soson teku da masu ceto kayan jiragen da suka kife suke kai da kawo tsakanin tsibiran da Key West. Daga nan wasunsu suka gangaro Coconut Grove, inda aka buɗe masaukin baƙi na iyalan Peacock a shekarun 1880. Wata mata daga tsibirin Eleuthera, Mariah Brown, na cikin ma'aikatan farko na masaukin, kuma gidan da ta gina a titin da yanzu ake kira Charles Avenue yana cikin gidajen baƙar fata na farko a yankin.

A lokacin babu Miyami. Layin dogo na attajiri Henry Flagler ya iso ne a 1896, kuma a ranar 28 ga Yuli na wannan shekarar aka kaɗa ƙuri'ar mayar da wurin birni. Cikin mutum 368 da suka halarta, 162 baƙaƙen fata ne, da yawansu 'yan Bahamas. An buƙaci sunayensu don a cika adadin da doka ta gindaya. Da buƙata ta biya, sai dokokin wariyar launin fata suka raba su da akwatin zaɓe, aka killace su a unguwar da daga baya aka sa wa suna Overtown.

Duk da haka jirage ba su daina zuwa daga Nassau ba, domin tattalin arzikin tsibiran ya durƙushe. Abarbar Bahamas ta rasa kasuwa bayan Amurka ta haɗe Hawaii a 1898 ta kuma ɗora haraji kan ta waje. Tsakanin 1900 da 1920, mutum 10,000 zuwa 12,000 suka tsallaka Fulorida, wato kusan ɗaya cikin biyar na al'ummar ƙasar. A 1920 fiye da rabin baƙaƙen fatar Miyami 'yan Bahamas ne.

Sun zo da abin da Turawan da suka gangaro daga arewa ba su da shi: sanin ƙasa mai dutsen farar ƙasa irin ta tsibiransu. Sun san yadda ake shuka a ramukan dutse, da yadda ake sassaƙa shi a yi gini. George Merrick, wanda ya kafa garin Coral Gables, ya rubuta da kansa cewa daga wurinsu aka koyi noma a wannan ƙasa. Su ne magina, masu sharar daji, 'yan dako a tashar jiragen ruwa. Matansu kuma wanki da girki da raino a gidajen masu kuɗi. Ɗaiɗaiku sun yi arziki. E.W.F. Stirrup, kafinta ne da ya yi ƙwadago a gonakin abarba, wani lokaci a biya shi da fili maimakon kuɗi; ya gina gidaje sama da 100 a Coconut Grove yana ba 'yan ƙasarsu haya, ya rasu a 1957 yana cikin manyan masu filaye na unguwar.

Dokar shige da fice ta 1924 ta rage kwararar. Yaƙin Duniya na Biyu ya sake buɗe ƙofa, amma ta wucin gadi: a 1943 aka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar 'yan Bahamas aikin gona, wadda a tsibiran ake kira Kwantiragi. Cikin shekaru ashirin da 'yan kai, kimanin mutum 30,000 suka je tsinkar wake da tumatir da tuffa daga Fulorida har jihohin arewa. Ana cire wani kaso na albashinsu a aika gida. Da wannan kuɗin aka gina gidaje da buɗe kantuna a Nassau da ƙauyukan tsibirai.

Waɗanda suka zo da takarda

Sa'ad da 'yan Bahamas ke cika Miyami, ba a ma kafa Jodan ba. Masarautar ta samu ne a 1921, ta sami 'yanci ranar 25 ga Mayu 1946. Ƙaura zuwa Amurka ta fara da kaɗan-kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin na farko akwai iyalai Kirista da suka zauna a Yonkers kusa da birnin Niyok, wasu kuma suka nufi kudu maso yammacin Shikago.

Ba a iya raba labarin da na Falasɗinu. Bayan yaƙin 1948 Jodan ta haɗe Yammacin Kogin Jodan a 1950, ta ba Falasɗinawa takardar zama 'yan ƙasa. Saboda haka da yawa daga cikin waɗanda jami'an Amurka suka rubuta a matsayin 'yan Jodan mutanen Ramallah ne ko Baitalahmi ko Ƙudus masu riƙe da fasfon masarautar. Har yau akwai gidan da uba zai ce shi ɗan Jodan ne, ɗansa ya ce shi Bafalasɗine ne, kuma duk gaskiya suka faɗa.

Babbar ƙofa ta buɗe ranar 3 ga Oktoba 1965, lokacin da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan sabuwar dokar shige da fice. Dokar ta soke fifikon da ake ba Turawan arewacin Turai, ta ba da muhimmanci ga abu biyu: dangantaka ta jini da ƙwarewa a sana'a. Duka biyun sun yi wa 'yan Jodan daidai. Jodan ƙasa ce marar mai, mai ƙarancin ruwa, wadda ta zuba jarinta a makaranta. Jami'ar Jodan ta buɗe a 1962, ta Yarmuk a 1976. Kowace girgiza ta sake turo wani ayari: yaƙin 1967, faɗan Satumba na 1970, faɗuwar darajar dinari a ƙarshen shekarun 1980, sai kuma rikicin Kuwaiti na 1990 zuwa 1991, wanda ya koro kimanin mutum 300,000 zuwa Jodan ba shiri. Ɗalibi ya zo karatun injiniya, ya sami aiki, ya ɗauko ƙaninsa. Ƙanin ya buɗe kanti, ya ɗauko matarsa da iyayensa. Haka aka cika Paterson a jihar New Jersey, Bridgeview a gefen Shikago, kewayen Detroit da kudancin Kalifoniya.

Yara biyu masu shekara 15

Rayuwar mutum biyu ta nuna bambancin ƙarara. An haifi Sidney Poitier a Miyami a 1927, lokacin da iyayensa, manoman tumatir daga tsibirin Cat, suka kawo amfanin gona kasuwa. Ya tashi a Bahamas, a cikin jama'ar da baƙar fata ne mafi rinjaye. Yana da shekara 15 aka tura shi Miyami wurin yayansa, ya ci karo da wariyar da bai saba da ita ba, ya tsere Niyok yana wanke kwanuka a gidajen abinci, karatunsa ma bai nuna ba. A 1964 ya zama baƙar fata na farko da ya lashe kyautar Oscar ta gwarzon ɗan wasa namiji, daga baya ya yi wa Bahamas jakada a Japan.

Omar Yaghi kuwa an haife shi a Amman a 1965, cikin iyalin 'yan gudun hijirar Falasɗinu, a gidan da ruwan famfo ba ya zuwa sai an yi kwanaki. Shi ma yana da shekara 15 mahaifinsa ya tura shi Amurka, ba ya jin Turanci sosai. Ya shiga ƙaramar kwaleji a garin Troy na jihar Niyok yana ƙananan ayyuka don ciyar da kansa, ya gama digirin digirgir a 1990, ya zama farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A 2025 ya sami kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai, kan wasu sinadarai masu ƙananan ramuka da ke iya tatso ruwa daga iskar hamada. Dukansu 'ya'yan talakawa ne. Ɗaya ya sauka a Amurkar da ke da makarantu da wuraren wanka na baƙaƙen fata daban, ɗayan ya sauka bayan an rushe waɗannan dokoki, ƙofar aji a buɗe.

Sana'a da dukiya

A yau ana samun 'yan Jodan a rukuni biyu. Akwai likitoci, injiniyoyi, masu harhaɗa magunguna da masana kwamfuta, irin su Amjad Masad, haifaffen Amman da ya kafa kamfanin Replit a 2016. Akwai kuma 'yan kasuwa masu kantunan kayan masarufi, gidajen mai, gidajen abinci da wuraren sayar da motoci, inda jari kan fito daga dangi, ma'aikata kuma 'yan gida ne. Ba kowa ne ke cikin wadata ba: sababbin zuwa da yawa suna tuƙin tasi da manyan motoci, kuma a gidaje da dama albashin mutum ɗaya ne ke ɗauke da iyali babba.

Jikokin 'yan Bahamas sun fi karkata ga aikin albashi: koyarwa, jinya, aikin gwamnati, otal-otal da limancin coci. Matansu sun daɗe suna fita aiki tun zamanin Mariah Brown. Abin da ya hana zufar kakanni zama gadon dukiya sananne ne. Tun shekarun 1930 taswirorin ba da rancen gidaje suka sa wa unguwannin baƙaƙen fata jan layi, bankuna suka juya musu baya. A shekarun 1960 aka ratsa babbar hanyar I-95 ta tsakiyar Overtown, aka tashi dubban iyalai tare da kantunansu. Wannan ne ya sa ƙarfinsu ya tafi ga fafutuka. Fada John Culmer, haifaffen Eleuthera, ya matsa har aka gina rukunin gidaje na Liberty Square a 1937. Athalie Range, jikar 'yan Bahamas, ta zama baƙar fata ta farko a majalisar birnin Miyami a 1966. Fada Theodore Gibson ya jagoranci yaƙi da wariya a makarantu kafin shi ma ya shiga majalisar a 1972. Wakilcin 'yan Jodan ya zo a makare: sai a 2018 aka zaɓi Nader Sayegh, haifaffen Mafraq, zuwa majalisar dokokin jihar Niyok daga Yonkers.

Launi a takarda

Ɗan Bahamas yana jin Turanci tun daga gida, Kirista ne kamar mafi yawan Amurkawa, amma doka ta sa shi a layin baƙaƙen fata. Ɗan Jodan ya zo da Larabci, galibi Musulmi ne, amma tun shari'ar George Dow, wani ɗan Siriya, a 1915, kotu ta lissafa Larabawan Sham cikin farar fata, kuma haka ƙidaya ta ci gaba da rubuta su. Wannan ya sauƙaƙa musu sayen gida a unguwannin bayan gari. Bai kare su daga zargi ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka tilasta wa maza baƙi daga ƙasashe 25 zuwa yin rajista ta musamman da ɗaukar hoton yatsu, kuma Jodan na cikin jerin duk da ƙawancenta da Amurka. Sai a Maris 2024 gwamnatin tarayya ta amince da gurbi na daban ga mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka a takardun ƙidaya.

Zumunci da gida

Coci ita ce ginshiƙin 'yan Bahamas, musamman Angilika da Baftis. Cocin Christ Episcopal na Coconut Grove tun 1901 take. A Harlem sun kafa ƙungiyar taimakon juna a 1912. 'Yan Jodan kuwa dangi da garin asali ne ke haɗa su, sai masallaci irin na Bridgeview da aka buɗe a 1981, ko cocin Otodoks. Neman aure har yanzu ayarin dattawa ake turawa, kuma ba a biki ko zaman makoki ba tare da mansaf ba, wato shinkafa da naman rago cikin romon busasshen nono. Abu ɗaya da duka biyun suka riƙe shi ne adashi. 'Yan Jodan na kiransa jam'iyya. 'Yan Bahamas na cewa asu, kalmar da ta samo asali daga esusu na Yarabawa, ta tsallaka teku tare da 'yan Afirka ta Yamma da aka kai tsibiran.

Nisa ma ya yi tasiri. Jirgin sama daga Nassau zuwa Miyami bai cika awa ɗaya ba, dalar Bahamas daidai take da ta Amurka, ƙasar kuma na cikin masu arziki a yankinta saboda yawon buɗe ido. Mutane da yawa kan je karatu ko sayayya ko asibiti su koma, abin da ya sa al'ummar ba ta bunƙasa da sauri ba. Tafiyar Amman zuwa Shikago ta wuce awa goma sha ɗaya. Wanda ya zo yakan zo da niyyar zama, yana aika kuɗi gida, yana kai yara hutun bazara don kada Larabci ya kuɓuce musu.

A 2022 al'ummomin biyu suka ga alamarsu a allon titi. A Paterson aka sa wa wani sashe na babban titin kudancin garin sunan Falasɗinu, a Anaheim aka amince da unguwar Ƙaramar Arabiya, kuma kantunan Larabawa na ƙaruwa a wuraren biyu. A watan Yuli na shekarar majalisar Miyami ta raɗa wa yammacin Coconut Grove suna Ƙaramar Bahamas. Sunan ya zo ne a daidai lokacin da farashin filaye ke tashi, masu gine-gine na rushe tsofaffin gidajen katako, jikokin maginan farko kuma na tattara kaya zuwa wasu unguwanni. Gidan Mariah Brown da na Stirrup, duka a Charles Avenue, an sa su cikin wuraren tarihi na birnin.