Gidajen tarihin bayi na Badagry: abin da za ka tarar idan ka je

Ni mutumin Tungan Magajiya ne, can ƙasar Kontagora, amma neman abinci ya zaunar da ni a Agege. Na daɗe ina jin labarin Badagry, sai kwanan baya Allah ya nufa na kai yarana. Ga abin da mai niyyar zuwa ya kamata ya sani.

Badagry tana yammacin jihar Legas, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, kuma daga Mile 2 ake samun mota. A da, tana cikin tashoshin da ake loda bayi zuwa Amurka ta Kudu, musamman Brazil.

Wuri na farko shi ne gidan tarihin gwamnati, a tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863. Akwai hotuna da takardu da sarƙoƙi, an jera tun daga kamun mutum har ranar 'yanci. Na biyu gidan iyalan Mobee, inda za ka ɗaga ainihin sarƙar wuya da marin ƙafa da hannunka. Ƙaramin ɗana ya gwada, wallahi ya kasa.

Na uku shi ya fi tsaya mini a rai: kurkukun Seriki Williams Abass, mai ɗakuna 40. Shi kansa bawa ne da aka kai Brazil, ya dawo ya zama dillalin bayi. Musulmi ne, kuma "Seriki" ɗin nan kalmarmu ce, sarki. Ya rasu a 1919. Daga nan sai ka hau kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, ka taka har bakin teku, inda wanda ya shiga jirgi ba ya dawowa.

To ina ruwan Bahaushe? Da yawa. Akwai Hausawa cikin waɗanda aka sayar, har suka shirya bore a Bahia a 1807. Rundunar da Gwamna Glover ya kafa a Legas a 1863 ma, da yawansu Hausawa ne da suka tsere wa bauta.

Amma gaskiya ɗaya ce, mu ma da namu kason. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya yi ƙaurin suna wajen kai hare-haren kamun bayi, har Turawa suka ci Kontagora a 1901. Mutanen da aka kama ba teku suka haye ba, a kasuwanninmu aka sayar da su, kuma sai 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. Na tashi tare da Dukawa da Kambari da Dakarkari, muna cin kasuwa ɗaya, amma ban taɓa tambayar abin da kakanninsu suka gani ba.

Da muka fito, babbar 'yata ta ce, "Baba, don me ake zagin mutum da ɗan bayi?" Na rasa amsa. Mu da ke zaune a garin wasu mun san ɗacin raini, bai kamata mu shayar da wani ba.

Shawarata, ku tafi da sassafe saboda cunkoson hanya, ku riƙe kuɗin shiga da na kwalekwale da na ɗan jagora. Malaman Islamiyya da sarakunan Hausawa su dubi yiwuwar kai ɗalibai.