Ƙananan Tashoshin Jirgin Ƙasa Da Kayan Yaƙin Hitila

Wanda ya bi layin dogo daga Kano zuwa Nguru zai riƙa cin karo da tsofaffin tashoshi: Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa. Ɗan gini ne mai rufin kwano, da allon suna, da wurin da tankin ruwa ya taɓa tsayawa. Jirgi ya iso Kano a 1911, reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya kammala a 1929, na Nguru kuma a 1930. Turawa sun shimfiɗa su ne saboda gyaɗa da auduga da fata, fasinja kuwa ƙari ne kawai.

Jirgin wancan zamani da kwal yake tafiya, ana ɗauko shi tun daga Inugu, kuma dole ya tsaya shan ruwa a hanya. Inda duk ya tsaya sai kamfanoni su kafa sikeli, 'yan dako su taru, mai tuwo ta ɗora tukunya. Haka Malam Madori ta zama ƙofar kasuwancin ƙasar Haɗejiya, haka Funtuwa ta bunƙasa.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. Daga 1939 zuwa 1945 an yi ta aiki da kawunan jirgi da taragu babu sauyi, musamman bayan Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta dawo tana dogaro da kuzar Jos. Ana gama yaƙi reluwe ta kasa kwashe amfanin gona. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da hotonta, rabin labarinta ke nan: buhuna ne da suka yi ta jiran tarago.

Giɓin nan kayan soja ne suka fara cike shi. Hukuma ta yi gwanjon manyan motocin yaƙi, irin su Bedford, ga kuma sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 sun dawo daga Bama, da yawansu sun koyo tuƙi da kanikanci. Kafinta ya ƙera wa motar bodin katako, aka ɗaura tamfol, ta koma jigilar buhuna da mutane. Hatta jarka daga yaƙin ta fito. Jamusawa ne suka ƙera ta da ƙarfe, mai cin lita 20, sojan Ingila suka kwaikwaya suka laƙaba mata sunan tsokanar da suke kiran Bajamushe da shi, bakin Bahaushe ya lanƙwasa shi ya koma jarka.

Da farko motocin nan yi wa tasha hidima suke, su kwaso kaya daga ƙauye su sauke a bakin dogo. Da hanyoyi suka gyaru sai direba ya ga ba dalilin tsayawa, ya zarce Kano kai tsaye. A ganina tun daga nan ƙananan tashoshi suka fara mutuwa, tun kafin sakacin hukuma da muka fi ɗora wa laifi. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, wanda shi ma da kawunan jirgin da aka kwaso daga tsohon layin Zungeru ya fara aiki, an rufe shi a 1957.

Don Allah 'yan uwa na Jigawa da Yobe da Zamfara, mai kaka tsohon soja ko tsohon ma'aikacin reluwe ya zauna da shi ya naɗi muryarsa a waya. Wanda ya je Bama yana ɗan shekara 18, yau ya kai ɗari ko ya kusa.